Wa Zai Zauna a Bakin Tashar Jirgin Abuja?

Sau biyu aka ƙaddamar da jirgin ƙasa na cikin birnin Abuja. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Yulin 2018, bayan aikin da aka soma tun 2007. Ya yi ta kai da komowa da fasinja jefi-jefi, tashoshi uku kacal ke aiki, har annobar korona ta tsayar da shi a 2020. Shekara huɗu ya yi a kwance, ɓarayi suna yi wa kayan layin ɗauki ɗai-ɗai. Sai ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da shi, aka ce kowa ya hau kyauta. Aikin ya ci sama da dala miliyan 800, kuma miliyan 500 daga ciki bashi ne da aka karɓo daga bankin Exim na ƙasar Sin. Tsawon layin kimanin kilomita 45 ne, tashoshinsa 12.

Ma'aikacin da ke kwana a Mararaba ko Masaka, wanda ke baro gida tun kafin kiran assalatu don ya tsere wa gosulon Nyanya, jirgin nan bai san da zamansa ba. Haka mutumin Lugbe: babban titin filin jirgin sama ya bi ta ƙofar gidansa, layin dogo kuwa ya zaga ta Idu ya bar shi. Mutanen Kubwa da Dei-Dei da Gwagwa ne suka ɗan dace, su ma yawancinsu sai sun hau babur ko keke mai ƙafa uku kafin su kai tasha. In sun sauka a tsakiyar birni kuma sai sun sake neman tasi zuwa Sakatariya ko kasuwar Wuse. Talaka mai lissafi ne. Zai haɗa kuɗin babur da na tasi da lokacin jira, in ya ga motar da za ta ɗauke shi daga bakin titi ta dire shi a Berger ta fi sauƙi, ita zai hau, ko da jirgin kyauta ne.

Masu sharhi sukan ce a ƙara taragai, a ƙara yawan sawu, a miƙa layin zuwa Nyanya da Karu kamar yadda yake a takarda. Duk wannan daidai ne, ina goyon bayansa. Amma abin da nake ganin ya fi shi nauyi, kuma ba a cika ɗaga murya a kansa ba, shi ne ƙasar da ke kewaye da tashoshin. Wa aka ba ta? Me za a gina a kanta? Wa zai kwana a wurin, wa zai buɗe shago? Amsar waɗannan tambayoyi ce za ta nuna ko jirgin zai ɗauki nauyin kansa, ko kuwa jikokinmu za su yi ta biyan bashin abin da ba su hau ba.

Masu tsara birane sun daɗe da lura cewa mutum ba ya son tafiyar ƙafa da ta wuce minti goma zuwa tasha, wato wajen mita 800. In ka kafa tsinke a tsakiyar tasha ka zana da'ira mai wannan nisa, filin da ka kewaye ya kai kadada 200. Mu yi lissafin misali. A cire kashi uku cikin goma na tituna da magudanai, saura kadada 140. In aka yanka su manyan fulotai irin na Maitama, kowanne murabba'in mita 2,000, gida 700 za a samu. A ce kowane gida mutum goma, har da mai gadi da direba, mutum 7,000 ke nan, kuma masu gidan ba za su taɓa hawa jirgi ba domin kowa da motocinsa a cikin katanga. In kuwa aka gina benaye masu hawa huɗu ko biyar, ƙasa shaguna da ƙananan ofisoshi, sama gidajen haya, mutum 200 a kowace kadada ba cunkoso ba ne, kuma an sami mutum 28,000 da za su iya takawa da ƙafa zuwa tasha. Filin ɗaya ne, kuɗin shimfiɗa dogon ɗaya ne. Sa hannun da ke kan takardar rabon fili ne ya raba su.

Abin takaicin shi ne waɗanda suka zana Abuja sun hango wannan. Bayan kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ya ba da shawarar a bar Legas, Janar Murtala Muhammad ya kafa dokar sabon babban birni a Fabrairun 1976, aka ba haɗakar wasu kamfanonin Amurka mai suna IPA aikin zana taswira, suka miƙa ta a 1979. Tsakiyar birnin kuma Kenzo Tange, mashahurin mai zanen gine-gine ɗan Japan, shi ya fitar da fasalinta. A cikin taswirar an ware hanya ta musamman ta sufurin jama'a wadda za ta ratsa cibiyoyin gundumomi, ta yadda kasuwa da asibiti da ofis za su taru a inda abin hawa ke tsayawa. Da aka zo gini, sai aka fara da manyan titunan motoci da gadoji, aka ce waccan hanya sai gaba. Gwamnati ta tare a Disambar 1991, Garki da Wuse da Maitama da Asokoro suka cika, kowa ya saba da mota. Da jirgi ya zo daga baya, sai ya bi gefen gari inda babu rusau mai yawa, inda kuma babu mutane.

Amma ba zan wanke taswirar tas ba. Akwai wani tunani da ta gada wanda ya raba rayuwar mutum gida-gida: nan wurin kwana, can wurin aiki, can gaba wurin ciniki, tsakaninsu titi mai layi shida. Tunanin ya yi tashe a duniya a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, shi ya haifi Barasiliya, babban birnin Barazil da aka buɗe a 1960, inda leburorin da suka gina shi suka ƙare a garuruwan bayan gari. Mu a nan ya tarar da wani gadon da ya riga shi. Dokar birane ta Turawan mulkin mallaka ta 1917 da umarnin da ke tare da ita sun raba unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa da fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa, da hujjar sauro da cuta. A Kano har yau ana iya karanta wannan rabo a ƙasa: ga birni, ga Fagge da Sabon Gari, ga Nassarawa da Bompai. Bature ya tafi, amma ya bar mana ra'ayin cewa unguwar mutunci ita ce wadda ba a jin guduma ko muryar mai talla, wadda talaka ke shigarta da safe ya yi aiki ya fita kafin dare. Manyanmu suka rungumi wannan ra'ayi, suka kai shi Abuja.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Tsakiyar Abuja, inda aka kashe kuɗin ƙasa fiye da ko'ina, takan mutu da an tashi daga aiki, ranakun Asabar da Lahadi kuwa sai masu gadi. Masinja da mai shara da malamar asibiti da ɗan sanda, waɗanda birnin ba ya motsi sai da su, suna kwana a jihar Nasarawa ko a Suleja da Madalla ta jihar Neja. Rusau na shekarun 2003 zuwa 2007, wanda ya share wurare irin su Idu-Karmo da Chika, ya ƙara tura su nesa. An hana acaɓa shiga tsakiyar gari a 2006, an hana ƙananan motocin bas a 2013, ba tare da an samar da abin da ya isa ya maye gurbinsu ba. Da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, nisan nan ya koma kuɗi tsagwaronsa: akwai ma'aikatan da suka rage ranakun zuwa aiki domin kuɗin mota ya fi ƙarfin albashi. A wannan giɓi ne kuma 'yan fashin da ke ɗaukar fasinja a motocin haya na bogi suka sami wurin zama.

Birnin da kansa ya yi ta ƙoƙarin gyara kuskuren. Dubi titin Aminu Kano da na Adetokunbo Ademola a Wuse 2, ko titin Gana a Maitama. Gidajen kwana aka ba da izinin ginawa a can, amma sannu a hankali suka koma bankuna da kantuna da gidajen abinci da asibitoci, saboda nan mutane ke wucewa. Shekara da shekaru hukuma tana kiran abin saɓa ƙa'ida, har a 2025 ta yanka wa masu irin waɗannan gine-gine tarar naira miliyan 5, ta kuma buɗe musu hanyar sauya takardunsu. Wato an yarda da abin da kasuwa ta riga ta zartar. Sai dai cakuɗar da ta zo ta bayan gida ba ta zuwa da kyau. Babu wurin ajiye mota, babu inuwar mai tafiya a ƙasa, janareto a kowane lungu, kuma masu kwana a unguwar sun tashi gaba ɗaya, an sake komawa gidan jiya: titin ciniki zalla wanda ba kowa a samansa da dare.

Wuraren da suka fi kowane wuri a Abuja haɗa kwana da sana'a su ne ƙauyukan Gbagyi da birni ya haɗiye, irin su tsohon garin Garki da Mabushi da Jabi da Durumi. Can ne tela da mai walda da mai abinci da ɗan gadi ke samun ɗakin haya kusa da aiki. Ba su da magudanai na kirki, ba su da tsayayyun takardu, kullum cikin fargabar katafila suke. Duk da haka suna yi wa birnin hidimar da taswira ta kasa yi. Wanda ya taso a cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ba zai ga baƙon abu a nan ba. Zaure wurin ɗinki ne da karatun allo da karɓar baƙo, cikin gida na iyali ne, masallaci da mai kayan miya suna kan kwana, kasuwar Kurmi tafiyar ƙafa ce daga unguwannin da ke ciyar da ita. Abin da masana ke tallatawa yau a manyan taruka, garuruwanmu sun rayu a kansa ɗaruruwan shekaru. Abin da ba mu yi ba shi ne ɗora shi a kan bene, mu haɗa shi da ruwan famfo da layin dogo.

Wasu sun yi. A Osaka ta Japan, Kobayashi Ichizo ya buɗe layin jirgin da ya zama Hankyu a 1910, ta cikin karkarar da ba ta da fasinja. Sai ya sayi filaye a bakin tashoshi, ya gina gidaje yana sayar wa ma'aikata biya sannu-sannu, ya kafa wurin shaƙatawa a ƙarshen layin, a 1929 kuma ya buɗe katafaren kanti a kan tashar Umeda. Da hannunsa ya ƙirƙiri fasinjojinsa. A Kuritiba ta Barazil, a zamanin magajin gari Jaime Lerner, an fara bas mai hanyarta ita kaɗai a 1974, aka yi doka cewa dogayen benaye a bakin hanyar bas ɗin za a gina su, ƙasansu shaguna, tsawon gini yana raguwa yayin da kake nisa da ita. Ba jirgi ma suka saya ba, ƙasa suka tsara.

Misalin da ya fi kusa da halin Abuja shi ne Hong Kong, domin can ma kusan duk ƙasa ta gwamnati ce. Gwamnati takan ba kamfanin jirgin, MTR, ikon gini a kan tasha da kewayenta a kan farashin fili kafin zuwan jirgi. Kamfanin ya haɗa kai da magina, a yi gidaje da kantuna da ofisoshi, ribar da zuwan jirgi ya jawo ta koma cikin asusun jirgin. Shi ya sa yake cikin 'yan tsirarun jiragen birni a duniya da ke cin riba. Ba na cewa a kwafo Hong Kong dungurungum, gidaje a can sun yi tsadar da ta gallabi talaka, kuma benaye masu hawa arba'in ba su dace da garin da wuta ke ɗaukewa ba. Darasin da nake so a ɗauka guda ne. In jama'a suka ci bashi suka kafa tasha, filin da ke gefenta zai ninka daraja, kuma wannan ƙarin daraja haƙƙin jama'a ne.

A Abuja babu wani shingen doka da ya hana hakan. Ƙasar babban birnin tarayya duka tana hannun gwamnatin tarayya, minista ne ke rabawa. Abin da aka saba kuwa shi ne a ba mai hanya fuloti, ya kewaye shi da katanga, ya sa mai gadi ya shuka masara, ya jira shekara goma farashi ya hau ya sayar. Ko kuma a ba kamfani kadada masu yawa da sunan gidajen jama'a, ya gina rukunin gidaje masu ƙofa ɗaya waɗanda albashin darakta ma ba ya saya. In wannan ya faru a kewayen Kukwaba da Wupa da Idu da Kagini da Bassanjiwa, inda har yanzu akwai sarari, to an rufe ƙofar har abada, domin fili in ya shiga hannu da takarda, fitar da shi sai shari'a da diyya. Ministan Abuja Nyesom Wike ya shimfiɗa hanyoyin shiga tashoshin da wuraren ajiye motoci kafin a sake buɗe layin, ya kuma gina sababbin tashoshin mota a Mabushi da Kugbo. Aiki ne mai amfani. Amma filin ajiye mota a bakin tasha yana hidima ne ga mai mota, shi kuwa wanda aka ciwo bashin dominsa ba shi da ita.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko tsaro. Ba a manta da bam ɗin tashar motar Nyanya na Afrilun 2014 ba, ba a manta da harin jirgin Abuja zuwa Kaduna na Maris 2022 ba, don haka wasu na ganin tara jama'a a bakin tasha kiran masifa ne. Ni dai na fi jin tsoron tashar da mace za ta sauka bayan magariba ta tarar da jeji da duhu, a kan wadda ke da mai shayi da kantin magani da tagogin mutane suna kallon titi. Binciken kaya a ƙofar shiga aikin jami'ai ne. Tsaron mita ɗari biyar da ke bayan ƙofar kuwa, idon maƙwabta ne kaɗai ke iya shi.

Sai masu cewa mun ga cakuɗa a Kantin Kwari da Sabon Gari, mun ga abin da ta haifar: shaguna sun cinye hanya, an yi gini a kan magudanai, ruwa ya shiga ya lalata dukiya, gobara ta tashi motar kashe wuta ta rasa ta inda za ta bi. Gaskiya ne. Amma abin da ya faru a can shi ne hukuma ta sayar da kowane taƙi, har da wanda bai kamata a taɓa ba. Haɗa gida da sana'a yana buƙatar doka mai tsauri fiye da raba su. Dole a fayyace faɗin hanyar ƙafa, a hana a taɓa ta ko da ministan ne ke so. Dole a bambanta sana'ar da ke zama da mutane, irin ɗinki da aski da sayar da abinci da gyaran waya, da wadda ba ta zama da su, irin ajiyar gas da fenti da babban injin niƙa.

Hujjar da ta fi taɓa ni ita ce ta iyali. Magidanci Bahaushe zai ce, ni da matana da 'ya'yana mata a saman shago, baƙi suna hawa da sauka a matakalarmu? Tambaya ce ta gaske, kuma masu zanen gine-ginenmu ne ya kamata su amsa ta, maimakon kwafo gidajen gilashi daga Dubai. Ana iya yin gini mai fuska biyu: shaguna suna kallon titi, ƙofar masu gida tana ta baya ko ta gefe, ta buɗe cikin tsakar gida ta bai ɗaya inda yara za su yi wasa, a yi shanya, a yi taron suna. Hawa huɗu ya isa, yadda tsoho zai iya hawa ba sai da na'ura ba, kuma tankin ruwa da faifan hasken rana za su iya ɗaukar gidan. Rumfa a gaban shagunan ta ba mai tafiya inuwa a watan Maris. Ba wani sabon ilimi ake nema ba.

Wanda nake jin za a fi mantawa da shi shi ne ƙaramin ɗan kasuwa. Duk sa'ad da aka ce za a zamanantar da tasha a ƙasar nan, mai ƙosai da mai tsire da mai faci su ake fara kora, sai a gina shaguna masu tsada su zauna a rufe, su kuma korarrun su dawo bakin titi suna wasan ɓuya da jami'an muhalli. Singafo ta fuskanci irin wannan. A ƙarshen shekarun 1960 ta yi wa masu sayar da abinci a titi rajista, daga farkon shekarun 1970 kuma ta gina musu rumfuna masu ruwa da wuta da wurin zubar da shara a cikin unguwanni, da haya mai sauƙi. A 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun gado na bil'adama. In za a zana kewayen tashar Gbazango ko Dei-Dei, a fara da ware wa waɗannan mutane wuri a kan hanyar da fasinja ke bi, da wurin tsayuwar keke da babur, kafin a zo kan manyan kantuna. A kuma ɗaure duk maginin da aka ba fili da sharaɗin cewa wani kaso na gidajen na haya ne mai ɗaki ɗaya ko biyu, a rubuce cikin takardar mallaka, in ya saɓa a karɓe. In ba haka ba, tashar za ta yi kyau, haya ta hau, malamin firamare ya sake komawa Masaka. Su ma Gbagyin da gonakinsu ne za a gina, a ba su shaguna da gidaje a cikin ginin, wanda zai daɗe yana ciyar da su fiye da diyyar da ke ƙarewa a shekara guda.

Maganar ba ta tsaya a Abuja ba. Ana shimfiɗa dogo daga Kaduna zuwa Kano, ana kuma yin wanda zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya shiga Maraɗi. Kowace tasha a kan waɗannan layuka za ta zo da kadadarta 200, kuma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamnoni. Kano ta san abin da dogo ke yi wa gari, domin isowarsa a 1911 ce ta buɗe cinikin gyaɗa, ta cika Fagge da Sabon Gari da baƙi. Tun ran gini ran zane: dillalan filaye sun riga kowa sanin inda za a kafa tashoshin, kuma ba jira suke yi ba. Gwamnonin Kano da Jigawa da Katsina suna da ikon dakatar da rabon fili a kewayen kowace tasha har sai an fitar da taswirarta an kafe a bainar jama'a. Majalisar Tarayya kuma, wadda ita ce majalisar dokokin Abuja, tana da ikon kiran hukumar birnin ta kawo jerin sunayen waɗanda aka ba fulotai a cikin mita 800 na tashoshin nan 12, da ranar da aka ba su, da abin da suka gina a kai zuwa yau.